Kaftanin da Baba Bai Ƙarasa Ba: Yadda Na Ɗauki Gajeren Fim Ni Kaɗai a Fagge

Mahaifina tela ne. Ya haura shekara talatin a wani ɗan shago a Fagge, nan Kano, yana ɗinka kaftani da jamfa da 'yar shara a kan keken Butterfly ɗin da ya saya tun ba a haife ni ba. Allah ya yi masa rasuwa a watan Agustan 2023, damina na tsaka, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa.

Bayan an yi arba'in muka buɗe shagon don mu mayar wa mutane yadukansu. A ƙarƙashin allura na tarar da wani farin kaftani. An haɗa jiki, an ɗora hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ajiye a gefen keke da zanen alli a jikinsa. Ko zaren bai yanke ba. Na ɗauko littafin awonsa don in gano mai kayan in ba shi haƙuri, sai na ga sunana ne a saman shafin, da awona, da rubutunsa na ajami. Bai taɓa gaya mini ba.

Mai shagon ya yi mana kara, ya ce mu riƙe makulli har ƙarshen Janairu, daga nan zai ba wani haya. Tun daga ranar wani abu ya tsaya mini a rai: kafin a kwashe kayan nan, a shafe bangon da fenti, ina so in ɗauki shagon yadda yake. Ba hoto nake nufi ba, fim nake so, gajere, na ɗan da ya shigo shagon ubansa ya ƙarasa ɗinkin da aka bari.

Ni malamin makaranta ne, ina koyar da 'yan firamare a wata makarantar kuɗi. Ban taɓa shiga ajin koyon fim ba. Na daɗe da jin labarin Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da ke Jos, na kuma daɗe ina sha'awarta, amma hali bai yi ba. Abin da na sani na tsince shi ne daga kallo, tun zamanin kaset ɗin da ake sayowa a Ƙofar Wambai, sai kuma darussan YouTube da nake bi da daddare idan data ta yi arha.

Da farko ban yi niyyar yin aikin ni kaɗai ba. Na je Zoo Road, inda ofisoshin 'yan fim suke, aka haɗa ni da wani mai ba da hayar kayan aiki. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama, sannan ya jawo takarda ya shiga lissafi: kyamara, mai ɗaukar hoto, fitilu, mai ɗaukar murya, janareta da fetur ɗinsa, abincin ma'aikata, kuɗin mota, sai edita. Kuɗin yini ɗaya ya fi albashina na wata uku. Lokacin ba a daɗe da cire tallafin fetur ba, wanda aka sanar ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta haura naira 600, komai ya bi ta ya tashi. Da ya ga na yi shiru sai ya ce, "Malam, tambaya ɗaya zan yi maka. In ka gama, wa zai saya?"

Ban ji haushinsa ba, don gaskiya ya faɗa. Harkar fim ɗin Hausa tun da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa suka buɗe ta da kaset a 1990, kasuwa ce ke jan ta. Da kaset da faifan CD suka mutu, sai aka koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, inda kowane mako mai kallo ke dawowa, talla kuma ke biyan ɗawainiya. Fim na minti tara, babu waƙa, babu fitaccen jarumi, babu ci gaba a mako mai zuwa, ba shi da rumfa a wannan kasuwa. Ko masu tura finafinai a waya ba za su ba shi wuri ba. A ganina wannan rashi ne babba gare mu, domin a gajeren fim ne mai koyo ke yin kurakuransa da arha, kuma akwai labaran da in aka ja su suka yi tsawo sai su lalace. Amma ra'ayina ba zai biya kuɗin janareta ba.

Abokaina biyu suka ce za su taya ni. Ɗaya ya samu aiki a Abuja ana saura kwana huɗu mu fara. Ɗayan ya zo ranar farko, daga nan ban sake ganinsa ba, kuma ban riƙe shi a zuciya ba, don daga unguwarsu zuwa Fagge adaidaita biyu zai hau, zuwa da komowa, ni kuma ban da abin ba shi. Akwai kuma wata gaskiyar da sai daga baya na yarda da ita: can cikin raina ban so kowa ya kasance a shagon ba. Ban so a gan ni a kujerar Baba.

Kafin in fara sai da na nemi izini a gida. Umma tana cikin takaba a lokacin. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta na yi mata bayani. Wani kawuna da ya ji labari ya riga ya nuna rashin jin daɗinsa, ya ce ko ƙasar kabari ba ta bushe ba za a mayar da shagon bawan Allah wurin wasan kwaikwayo. Umma ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni, "Da rawa da waƙa a ciki?" Na ce babu. "Da mace?" Na ce ni kaɗai ne, sai keke. Ta ce, "Je ka, Allah ya taimaka. Amma kada ka taɓa masa littafin awo da hannu mai maiƙo." Na kuma je na gaida mai unguwa na sanar da shi, don kada a ga mutum da kyamara a layi a ɗauka wani abu ne.

Kayan aikina duka ba su cika jakar makaranta ba. Wayata, tsohuwa da na saya a hannun wani. Wayar ƙanwata, don ɗaukar murya. Mariƙin kyamara mai ƙafa uku, ɗan ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, fitila mai caji, fawa bank, da memori da aka rubuta wa gigabayit 128 a jiki. Don mayar da haske kuma na samu kwalin firji na manna masa takardar azurfa irin ta naɗe abinci. Abin da na kashe gaba ɗaya bai kai naira dubu hamsin ba, shi ma sai da na karɓi adashina kafin lokaci. Hutun makaranta na Disamba shi ne duk lokacin da nake da shi.

Ƙofar shagon gabas take kallo. Haske mai kyau yana shigowa ne daga wajen ƙarfe takwas zuwa goma na safe, ya kwanta a kan teburin keke, daga nan rana ta haye rufi shagon ya koma duhu. Wato awa biyu ke gare ni a yini. Hunturu kuma ba ya shawara da kowa. Yau hazo ya rufe gari, haske ya zo a tausashe kamar an tace shi da farin ƙyalle. Gobe iska ta share sama, rana ta shigo da kaifi ta zana inuwar ƙarfen taga a fuskata. In ka haɗa ɗaukar jiya da ta yau a sin ɗaya, wato fitowa ɗaya a fim, ko yaro zai gane ba lokaci ɗaya ba ne. Na gwada cike gurbin da ƙwan lantarkin shagon, sai na ga wasu baƙaƙen layuka suna yawo a hoton. Kwana biyu ina neman dalili kafin in gano cewa wutarmu a Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wayata kuwa tana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa, lissafin bai haɗu ba. Da na sa wata manhaja na mayar da ita 25 sai layukan suka ɓace. In wutar janareta ce kuwa, ko hakan ba ya hana su leƙowa, don injin ba ya tsayawa a kan gudu ɗaya.

Duk wannan ana koyonsa. Abin da ba a koya a darasi shi ne yadda mutum zai kasance a gaban kyamara da bayanta a lokaci guda.

Ga yadda nake yi. In ɗauko buhun ƙyallayen Baba in ɗora a kan kujera, in kifa masa hulata daidai inda kaina zai kasance. In koma bayan waya in daidaita hoton, in danna kan hular har ganin kyamara ya tsaya a kanta ya kulle. In kunna wayar ƙanwata in zura a aljihun gaba, in ja wayar makirufo ta cikin riga. In danna ɗauka. In taka taku huɗu, in sauke buhun inda ba zai fito ba, in sa hular, in zauna, in tafa hannu sau ɗaya don in samu alamar da zan haɗa murya da hoto daga baya. Sai in yi shiru, in nemo abin da ya kamata in ji a zuciyata, in yi wasan. In gama, in tashi, taku huɗu, in duba. Sau da yawa sai in tarar saman kaina ya fita daga hoton, ko na zauna na ɗan matsa gaba fuskata ta dushe, ko ƙurar hunturu ta kwanta a gilashin. Sai a koma kan buhu. Akwai ɗaukar daƙiƙa goma sha biyu da na maimaita sau ashirin da uku, na rubuta adadin a littafina.

A wurin aikin fim na gaske akwai mai riƙe kyamara, akwai darakta da zai ce a sake ko ya ce ya yi, akwai wanda aikinsa kawai ya tuna inda ka ajiye almakashi da yadda ka karya hula a ɗaukar da ta wuce. Ni duk babu. Na riƙa zana wa ƙafafun kujera da na mariƙi alama da allin Baba a ƙasa, ina ɗaukar hoton teburin kafin in rufe shago, ina auna shayin da ke kofi da yatsa don gobe in zuba daidai. Duk da haka, da na zo haɗawa na ga gemuna ya ƙaru tsakanin shigowata shago da zamana a kujera, abin da a fim bai wuce daƙiƙa uku ba, a zahiri kuwa kwana tara ne.

Rana ta shida ce ba zan manta ba. Sin ɗin da nake ɗauka shi ne inda ɗan zai buɗe littafin awo ya ga sunansa. Na yi sau huɗu, duk a bushe, fuskata kamar ta mai karanta takardar haya. A na biyar, ina buɗe littafin sai wata 'yar takarda ta faɗo daga tsakiyar shafuka, lissafin kuɗin makarantar ƙannena ne da Baba ya yi, ya rage nan ya ƙara can, ya ja layi a ƙarƙashin abin da ya saura bai biya ba. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Tun ranar jana'iza ban yi irinsa ba. Na kifa kaina a kan keken na daɗe. Da na dawo hayyacina, abin da ya fara zuwa mini shi ne kyamara tana ɗauka. Na tashi da hawaye a fuska na je na duba. Waya ta yi zafi ta tsayar da ɗaukar tun minti na biyu, kuma a ɗan abin da ta kama, na sunkuya na fita daga inda na kulle ganinta. Babu abin da ake gani sai farin dishi-dishi da bakin keke.

Na zauna a ƙasa, abu biyu suna cina. Ga baƙin cikin rasa ɗaukar, ga kunyar cewa ina tsakiyar kukan mahaifina tunanin kyamara ya shigo mini. Har yau ban gama sasanta wannan da zuciyata ba. Da akwai mutum a bayan wayar, da ya bi ni da ita ya gyara, da ni kuma na yi kukana ban raba hankali biyu ba. Wannan shi ne ainihin tsadar aiki kai kaɗai, ya fi rashin fitila da rashin kuɗi ciwo. Wayar ƙanwata dai da ke aljihuna ba ta tsaya ba, ta kama komai. A fim ɗin, muryar wannan rana ce ake ji, hoton kuwa hannuwana ne kawai riƙe da littafin, na sake ɗaukarsu washegari. Ban sake gwada yin kukan don kyamara ba.

Murya kuwa wani yaƙin ne daban. Wanda bai taɓa sa abin ji a kunne ya saurari layin teloli a Fagge ba, bai san yawan ƙarar da kunnensa ke tace masa ba. Janareta uku ko huɗu a lokaci ɗaya, injin aikin wuya yana ta tatata, hon ɗin adaidaita, mai rake, mai gyaran takalmi yana buga akwatinsa, rediyon maƙwabci, ga yara da suka gano ana fim suka cika ƙofa suna leƙe suna kiran junansu. In na kore su da lallami su dawo da ninkinsu. Daga ƙarshe na haƙura da ɗaukar murya da rana. Sai in dawo bayan sallar asuba, kafin gari ya farka, in ɗauki ƙarar kowane abu shi kaɗai: buɗe kwaɗo, kukan ƙyauren ƙofa, saukar almakashi a kan shadda, hurawar gawayi a dutsen guga. Har shirun shagon na ɗauka na minti biyu, don kowane ɗaki da irin shirunsa, in babu shi a ƙarƙashin hoto sai a ji fim ɗin yana yankewa. 'Yan kalmomin da ke cikin fim ɗin kuwa a gida na sake faɗarsu, ƙarfe biyun dare, na lulluɓa da bargo don kada muryar ta yi amsa-kuwwa.

Na bar ɗora hannun kaftanin sai ƙarshe, don na san sau ɗaya za a yi shi. Ni ba tela ba ne. Ina yaro Baba ya koya mini taka feda da zura zare, amma ya fi son in yi boko, bai matsa mini ba. Kwana uku ina gwaji a kan ƙyallaye. Ranar da na shirya, haske ya yi kyau, na ɗauka daga kusurwa uku ina tsayawa ina matsar da waya, na ɗinke hannun tun daga kafaɗa har hammata. Na koma gida ina jin na sauke kaya.

Da daddare na zura memorin a kwamfuta. Sunayen fayilolin suna nan, girmansu yana nan, amma ko ɗaya ya ƙi buɗewa. Na kai wa wani mai gyara washegari, ya gwada ya ce jabu ne: an rubuta masa 128, ainihin cikinsa bai wuce takwas ba, in ya cika sai ya ci gaba da nuna yana karɓa alhali abin da ake zuba masa zubewa yake. Ɗaukar hoto mai nauyi irin wadda nake yi tana cin megabayit ɗari uku da wani abu a minti, ashe tun tsakiyar aikin ranar ya cika. Abin da ya cece ni a kwanakin baya shi ne kullum ina kwashewa in goge. Ranar da na fi buƙatarsa ce na ɗauki abin da ya fi cikinsa. Na koma wurin wanda ya sayar mini, ya ce shi ma haka aka kawo masa.

Na buɗe shago na zauna, kaftani mai hannu biyu a cinyata, babu fim. A nan Baffa ya same ni. Shi ne telan da ke shagon da ke manne da namu, tare suka yi ƙuruciya da Baba, tun muna yara Baffa muke ce masa. Duk kwanakin nan yana ganin shige da ficena, gaisuwa kawai muke yi. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ɗana, lafiya kake zaune kamar an aiko maka da rasuwa ta biyu?" Na gaya masa. Ban tabbata ya fahimci zancen memori ba, amma ya fahimci an yi aiki ya zube. Ya miƙo hannu ya karɓi kaftanin, ya juya shi ciki waje, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske. Ya bi ɗinkin kafaɗar dama da babban yatsa ya ce, "Wannan nasa ne." Ya koma ta hagu, ya ɗan ja, zaren ya yi tsalle. "Wannan naka ne. Ko da injinka bai cinye ba, ai sai an farke shi. Ka tattare yadin a hammata."

Ya zaro reza daga aljihu, ya zauna a benci, ya shiga farke ɗinkina ɗaya bayan ɗaya, yana cire guntayen zare da farce yana ajiyewa a gwiwarsa. Da ya zo inda ɗinkina ya haɗu da na Baba a gindin wuya sai ya rage sauri, ya matso da yadin dab da idonsa, ya tsaya daidai kan zaren ƙarshe nawa, bai taɓa na amininsa ko ɗaya ba. Ya sa a kawo dutsen guga ya kwantar da ramukan allurar. Sannan ya ce, "Gobe ƙarfe nawa hasken naka yake zuwa?"

Washegari ya rufe shagonsa na awa biyu, a lokacin da ɗinki ke hannunsa. Ya duba ƙoshiya, ya sake naɗa kwarkwaro, ya ɗiga wa keken mai. Na nuna masa jan maɓallin da zai danna, na kuma nuna masa gefen hoton, na ce in ya ga kaina ya fita ya yi magana. Dattijo mai shekara kusan saba'in ya tsaya a bayan waya, hannu a baya kamar mai duba sahu. Ba ya cewa akshin, sai dai ya ce "Bismilla." In na gama ya ce "Sake, ka saki kafaɗarka," ko ya ce "Ka daina kallon allura, kalli inda yadin zai je." Ba fim yake gyara mini ba, ɗinki yake gyarawa, amma duk abin da ya gyara sai hoton ya ƙara kyau. Karo na huɗu ya yi shiru, sannan ya ce, "To, ya yi." Kwana goma sha shida ina aikin nan, ranar ce farkon da wani ya ce mini ya yi. Ƙafafun da ake gani a kan feda a fim ɗin ma nasa ne, don ya ce takuna na mai tsoron keke ne.

Haɗa fim ɗin ya ci wata biyu, don makaranta ta koma. Kwamfutata ba ta iya ɗaukar manhajar haɗa fim ta DaVinci Resolve ba, duk da akwai ta kyauta, sai na koma wata mai suna CapCut. In an kawo wuta tsakar dare ƙanwata ta tashe ni, in an ɗauke in kwanta. Awa shida da 'yan mintuna na ɗauka, na tace su suka koma minti tara. A nan ma kaɗaicin bai sake ni ba. In ka kalli abu sau ɗari, idonka ya mutu a kansa, ba ka ƙara sanin ko yana da kyau ko kai ne ka saba da shi. Akwai ɗaukar da na sha wuya a kanta, ta ƙura tana yawo a cikin hasken taga, na riƙe ta har makon ƙarshe don wahalar da na ci, alhali ba ta ƙara wa labarin komai. Cire ta ya yi mini ciwo.

Na leƙa bukukuwan finafinai na waje ta intanet, na ga da yawansu da dala ake biyan kuɗin shiga, a watan Fabrairun 2024 kuwa dala ta haura naira 1,500. Na rufe shafin. A gida akwai bikin Zuma da ake yi a Abuja, akwai KILAF a nan Kano na finafinan harsunan Afirka, ina da niyyar gwadawa in na samu wanda zai taya ni fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto. Na kuma san in zan fitar da shi ga jama'a a Kano, akwai Hukumar Tace Finafinai da aka kafa tun 2001, sai na bi ta can. Ban kai ga wannan ba tukuna.

Abu ɗaya na ɓoye wa kowa. A minti na ƙarshe, bayan ɗan ya sa kaftanin ya rufe shago, hoto ya yi baƙi, ana jin keke yana ɗinki na daƙiƙa bakwai. Ba ni ba ne, ba kuma Baffa ba ne. Wani saƙon murya ne da Baba ya turo mini ta WhatsApp a azumin 2023, yana cewa in biya in karɓo masa zare a kasuwa. Ya gama magana bai saki maɓallin da wuri ba, ya ci gaba da aikinsa. Na yanke maganar, na bar keken.

A azumin 2024 na nuna wa Umma, bayan an sha ruwa an yi tarawi. Na ɗora kwamfutar a kan kujera 'yar tsugune, ita da ƙannena suna kan tabarma, ni ina tsaye a bakin ƙofa sanye da kaftanin. Ba ta yi magana ba tun daga farko, sai da aka nuno ƙafafu a kan feda ta ce, "Wannan ai Baffanku ne." Da hoton ya yi baƙi keken ya fara, sai ta ɗaga hannu kamar mai tsayar da magana. Ya ƙare. Ta ce, "Mayar da shi baya kaɗan." Na mayar. Ta sunkuyar da kai ta saurara: gudu, ɗan tsayawa, gudu, sai wani ɗan gyaran murya da ni ban ma taɓa lura da shi ba duk yawan jin da na yi.

"A ina ka samo shi?" ta ce.

Na gaya mata. Ta ce in sa mata a wayarta. Wayar tata ƙarama ce mai maɓalli, ba ta buɗe bidiyo, sai na cire sautin daƙiƙa bakwai ɗin kaɗai na zuba mata a memori, na gwada shi sau biyu a gabanta na tabbatar yana buɗewa, na nuna mata inda za ta danna.

Shagon yanzu mai sayar da kayan waya ne a ciki, an yi masa shuɗin fenti. Keken yana soron gidanmu an rufe shi da zani. Ranar Asabar nakan ɗauki ƙyallaye in tafi wurin Baffa, ya ce sai na iya ɗora hannun riga ba tare da na tattare hammata ba kafin ya fara nuna mini wuya.